Bindigar Saja York da Takobin Bitrus: Muhawarar Zauren Nazarin Littafi Mai Tsarki

Malam Dauda:
Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. A makon jiya na sake kallon tsohon fim ɗin nan na Amurka mai suna Sergeant York, wanda Howard Hawks ya shirya a 1941, kuma tun daga ranar al'amarinsa bai bar zuciyata ba, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi gabanku. Labarin wani manomi ne na gaske, Alvin York, mutumin duwatsun jihar Tenesi, wanda ya yi ƙuruciyarsa cikin shan giya da faɗa, har ya tuba a 1915 ya shiga wata ƙaramar ikilisiya da ba ta yarda da zub da jini ba. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 aka kira shi soja, ya nemi a ɗauke masa saboda bangaskiyarsa, aka ƙi. A fim ɗin, shugabansa ya ba shi hutu ya koma gida ya yi tunani, ya hau dutse da Littafi Mai Tsarki da littafin tarihin ƙasarsa, sai iska ta buɗe masa Matiyu 22:21, inda Ubangiji ya ce a ba Kaisar abin da ke na Kaisar, a ba Allah abin da ke na Allah. Ya sauko ya koma bariki. Ranar 8 ga Oktoba 1918, a dajin Argon na Faransa, shi da mutum bakwai da suka rage a tsaye daga cikin goma sha bakwai suka komo da fursunonin Jamus 132.

Abin da ya tsaya mini shi ne wannan adadi na 132. Mutane sukan yaba wa York saboda iya harbinsa, ni kuwa ina ganin shaidar bangaskiyarsa tana wurin waɗanda ya kawo da ransu, domin da zarar abokan gaba suka ɗaga hannu sai ya daina harbi. Tambayata gare ku ita ce, shin Kirista zai iya riƙe makami hannunsa bai ƙazantu ba, ko kuwa fim ɗin ya yi mana kwalliya ne a kan abin da Almasihu ya hana?

Malama Rifkatu:
Malam Dauda, na gode da ka kawo wannan zance, amma ina roƙo mu fara da duba lokacin da aka fitar da fim ɗin kafin mu ɗauki darasi daga gare shi. Ya fito a watan Yuli na 1941, wata biyar kafin Japan ta kai hari sansanin jiragen ruwan yaƙin Amurka na Pal Haba ranar 7 ga Disamba, a daidai lokacin da Amurkawa suka rabu biyu kan ko su shiga yaƙin Turai ko su zauna gida. A watan Satumba na shekarar har wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna yana binciken zargin cewa masu shirya finafinai suna zuga jama'a zuwa yaƙi. Fim ɗin York ya fi kowane fim samun kuɗi a wannan shekara, Gary Cooper kuma ya karɓi kyautar Oska a kansa. Saboda haka mutumin da ya hau dutse yana kokawa da lamirinsa, an riga an san amsar da zai sauko da ita, domin ita ce amsar da ƙasar take bukata.

Ayar ma da aka kafa hujja da ita tana damuna. A Matiyu 22 tambayar haraji aka yi wa Yesu, ya ce a kawo masa dinari, ya tambayi hoton wa ke jikinsa. Kuɗin yana ɗauke da surar Kaisar, shi ya sa aka mayar masa. Mutum kuwa, bisa ga Farawa 1:27, surar Allah yake ɗauke da ita. Idan har ayar tana da abin faɗi game da yaƙi, to a ganina abin da take faɗi shi ne ran sojan Jamus ɗin nan da ke cikin rami ba na Kaisar ba ne, balle a miƙa masa.

Dattijo Bulus:
'Yata Rifkatu, bayaninki a kan dinari ya yi kyau ƙwarai, kuma na yarda cewa iska da ke buɗe shafi ba hanyar nazarin Maganar Allah ba ce. Sai dai kada raunin hujjar fim ya sa mu zaci cewa babu hujja mai ƙarfi. Romawa 13:4 ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, bawan Allah ne domin hukunta mai aikata mugunta. Da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma a Luka 3:14 suna tambayar abin da za su yi, bai ce su tuɓe kaki ba, ya ce kada su yi wa kowa ƙwace, kada su yi ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Jarumin Roma ne Yesu ya yaba wa bangaskiyarsa a Matiyu 8, kuma Karniliyas na Ayyukan Manzanni 10, wanda ta gidansa ƙofar bishara ta buɗe wa al'ummai, hafsan soja ne.

Wannan ba sabon tunani ba ne a ikilisiya. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya rubuta wa wani babban hafsan Roma mai suna Bonifas cewa ba a neman salama domin a yi yaƙi, yaƙi ake yi domin a kai ga salama, kuma ko a fagen daga ya kamata soja ya kasance mai neman sulhu. Shi kansa ya rasu a shekara ta 430 a lokacin da mayaƙan Bandal suka kewaye garinsa, saboda haka ba daga inuwa yake magana ba. Daga baya Toma Akwinas ya tsara sharuɗɗa uku, wato hukuma ta halal, dalili na adalci, da niyya mai kyau. Mutumin da ya ga kura ta shiga garke ya naɗe hannu yana cewa shi mai salama ne, ban ga ƙaunar maƙwabci a wurinsa ba.

Malama Rifkatu:
Baba, ina karɓar gyaranku da ladabi, amma Afirka ta Arewa da ta ba mu Agustin ita ce ta ba mu Tatuliyan na Kartej kusan shekara ɗari biyu kafinsa, wanda ya koyar cewa sa'ad da Ubangiji ya karɓe takobi daga hannun Bitrus a Getsamani, ya kwance wa kowane soja ɗamara ke nan. A shekara ta 295 kuma, a garin Tebessa, aka sare kan wani saurayi mai suna Maksimiliyan domin ya ƙi shiga rundunar Roma yana cewa shi Kirista ne. Ikilisiya ta lissafa shi cikin shahidai. Ba na cewa kun yi kuskure, ina cewa hanyoyin biyu duka tsofaffi ne, kuma wadda ta fi kusa da zamanin manzanni ita ce ta ƙin makami.

Fasto Haruna:
'Yan'uwa, bari in shigo da wani fim da nake ganin ya fi na York tona asirin al'amarin, ko da yake ba fim ɗin yaƙi ba ne. Sunansa The Day the Earth Stood Still, na Robert Wise, 1951. Wani baƙo mai suna Klaatu ya sauka daga sararin sama a birnin Washinton, ya fito da kyauta a hannunsa, wani soja da tsoro ya kama ya harbe shi. Ya tsere daga asibiti ya shiga cikin talakawa da sunan aro wanda ma'anarsa kafinta, daga baya sojoji suka kashe shi, aka tashe shi, ya yi wa duniya jawabi sannan ya koma sama. Ko yaron makarantar Lahadi zai gane wanda ake kwaikwayo, kuma marubucin fim ɗin, Edmund North, bai ɓoye cewa da gangan ya yi ba.

To, amma ku saurari saƙon wannan mai kama da Almasihu. Ya ce duniyoyinsu sun sami zaman lafiya ne domin sun ƙera mutum-mutumi masu ƙarfin da ba a iya tsayayya da shi, suka miƙa musu iko wanda ba a iya karɓewa, duk wanda ya tayar da fitina a hallaka shi nan take. Ya gargaɗi mutanen duniya cewa idan suka kai rikicinsu sararin sama, za a mayar da duniyarsu gawayi. An yi fim ɗin shekara biyu bayan Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya a 1949, ana kuma tsakiyar yaƙin Koriya, saboda haka tsoron zamanin ne ya sa rigar bishara. Na daɗe ina tunani a kan wannan. Abin da Klaatu ya kawo shi ne irin zaman lafiyar da Roma ta shimfiɗa a Yahudiya, inda hanyoyi suke lafiya domin akwai gicciye a bakin hanya. Yesu ya san wannan zaman lafiya sarai, a ƙarƙashinsa aka haife shi, a ƙarƙashinsa aka kashe shi, kuma shi ya sa a Yahaya 14:27 ya ce salamar da yake bayarwa ba irin wadda duniya ke bayarwa ba ce. A Matiyu 26:53 ya faɗa wa Bitrus cewa da ya so, Uba zai aiko masa da rundunar mala'iku fiye da goma sha biyu. Yana da nasa rundunar da ta fi mutum-mutumin Klaatu, bai kira ta ba.

Ba ina nufin shirun da makami ke kawowa ba shi da amfani. Uwa da ta kwana da 'ya'yanta ba a ji ƙarar bindiga ba ta san amfaninsa. Ina nufin kada mu kira shi da sunan da ba nasa ba, domin Irmiya 6:14 ta tsauta wa waɗanda suke ɗaure rauni sama-sama suna cewa salama, salama, alhali babu salama.

Malam Dauda:
Fasto, wannan bambanci ya taimake ni. Ke nan ƙarfin soja yana iya tsare ƙofa, amma ba shi ne yake gyara cikin gida ba. Sai dai ina so mu ji daga bakin Baba Ishaya, domin mu duka a allo muka ga abin da muke magana a kai, su kuwa da idonsu suka gani.

Baba Ishaya:
Ɗana Dauda, na karanta duk abin da kuka rubuta tun jiya, na yi shiru ne domin maganar tana da nauyi a gare ni. Na yi aikin soja shekara ashirin da biyu, ina cikin waɗanda aka tura Laberiya ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOMOG, wadda ta sauka Monrobiya a watan Agusta na 1990. Zan faɗa muku gaskiya, fim ɗin York bai yi kama da abin da na sani ba, domin a can harbi yana da tsabta, mutum yakan faɗi kamar an yanke dawa. Wanda ya yi kama shi ne All Quiet on the Western Front na 1930, musamman inda saurayin Bajamushe ya soki sojan Faransa a cikin ramin bam, sannan ruwan wuta ya hana shi fita, ya kwana tare da shi yana jin numfashinsa yana ƙarewa, ya ba shi ruwa, ya laluba aljihunsa ya ga hoton matarsa da 'yarsa, ya shiga roƙon gawa gafara. Wanda ya tsara wannan wuri ya san abin da yake faɗi.

Akwai ranar da muka kama wani yaro da bindiga a wani shingen bincike, shekarunsa ba za su wuce goma sha huɗu ba, kuma a safiyar ranar muka rasa abokin aikinmu. Wasu daga cikinmu jininsu ya hau. Ni ne babba a wurin, na ce a ɗaure shi a ba shi abinci a miƙa shi gaba. Ba zan ce muku na yi haka domin zuciyata tana cike da ƙauna ba, zuciyata a lokacin tana tafasa. Abin da ya riƙe hannuna shi ne na san zan tsaya gaban Allah. Dattijo Bulus ya yi gaskiya, da ba mu je ba da mutanen da suka taru a tashar jiragen ruwa suna neman mafaka sun ƙare. Malama Rifkatu ma ta yi gaskiya, domin har yau akwai fuskokin da nake gani idan na rufe ido a lokacin addu'a. Ban taɓa jin cewa aikina zunubi ne ba, amma ban taɓa jin cewa hannuna ya fita da tsabta kamar yadda Dauda ya tambaya ba. Dawuda sarki ma, a 1 Tarihi 22:8, Allah bai ƙi shi ba, amma ya hana shi gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar.

Dattijo Bulus:
Baba Ishaya, Allah ya saka muku, ya kuma warkar da abin da ido bai gani. Fim ɗin da kuka ambata yana da tarihin da ya kamata matasa su sani. Da aka nuna shi a Balin a watan Disamba na 1930, 'yan Nazi ƙarƙashin jagorancin Goebbels, mai yaɗa farfagandar Hitila, suka saki ɓeraye a gidan kallo suka tayar da hargitsi, har hukuma ta hana nuna shi. Masu shirin yaƙi sun fi kowa sanin haɗarin a nuna wa matasa fuskar wanda za su kashe. Ɗan wasan da ya fito a matsayin saurayin, Lew Ayres, ya ƙi ɗaukar makami a 1942, jama'a suka yi masa ca, amma ya shiga soja a matsayin ma'aikacin jinya da mataimakin limamin sojoji a yankin tekun Fasifik. Duk da haka ina tambaya, kuma da gaske nake tambaya, da dukan samarin Ingila da Amurka da Rasha sun bi sawunsa, wa zai buɗe ƙofofin sansanonin da aka ƙona Yahudawa a 1945?

Mama Saratu:
Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangiji. Ban saba yin magana a zauren nan ba, amma tambayar Dattijo ta taɓa inda yake mini ciwo. Ni 'yar EYN ce, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fara a Garkida a 1923, kuma tun daga iyayenta na Amurka koyarwarta ita ce ƙin yaƙi da ƙin ramuwa. A kan wannan aka rene mu. Kun san abin da ya same mu. Mafi yawan 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu na 2014 'ya'yan ikilisiyarmu ne, kuma a watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedikwatarmu da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninmu suka yi gudun hijira zuwa Jos. Ni ma da ƙafa na bi ta duwatsu da jikokina biyu.

Zan faɗi abu biyu, kuma ba zan iya haɗa su su zama ɗaya ba. Na farko, ranar da muka ji cewa sojoji sun karɓe Mubi, na durƙusa na gode wa Allah, kuma ban ji kunyar godiyar ba. Na biyu, da muka koma muka tarar da majami'u a ƙone, abin da ya sa muka iya sake zama da maƙwabta, har da Musulmin da su ma aka kashe musu 'yan'uwa aka ƙone musu gidaje, ba bindiga ba ce. Koyarwar nan ce da wasu suke gani kamar rauni. Da an rene 'ya'yanmu a kan ramuwa, da sojoji sun gama nasu yaƙin mu kuma mun fara namu.

Akwai fim ɗin da wani ɗana ya nuna mini, Friendly Persuasion na 1956, a kan wani iyali na ɗarikar Kweka, Kiristoci masu ƙin yaƙi, a jihar Indiyana lokacin yaƙin basasar Amurka. Shi ne kaɗai na ga ya fahimci irin gidajenmu. Uwar mai wa'azi ce, ba ta yarda da makami ko kaɗan. Ɗan ya ce shi ba zai iya zama wasu suna mutuwa dominsa ba, ya ɗauki bindiga ya tafi bakin kogi, ya yi kisa, ya zauna yana kuka. Uban bai la'ance shi ba, bai kuma bi shi ba sai da dokin yaron ya komo gida babu mahayi. A hanya ya tarar da amininsa yana mutuwa, wanda ya harbe shi ya harbi uban ma, suka yi kokawa uban ya ƙwace bindigar, ya auna shi, sannan ya ce masa ya tafi. Na kalli wannan wuri sau uku.

Fasto Haruna:
Mama, kin faɗi abin da mu masu wa'azi muke kewaye-kewaye a kansa. Abin lura kuma shi ne Gary Cooper ɗin da ya fito a York shi ne ya fito a matsayin wannan uba, shekara goma sha biyar tsakani, fuska ɗaya, bindiga a hannu sau biyu. William Wyler da ya shirya fim ɗin ya san yaƙi, domin ya bi jiragen yaƙin Amurka yana ɗaukar hoto a sararin Jamus, ya kuma komo da kunne ɗaya a toshe. A 1988, da Shugaba Reagan na Amurka, mutumin da ya gina siyasarsa a kan cewa ƙarfi ne ke kawo zaman lafiya, ya je Mosko, wannan fim ɗin na masu ƙin makami ya ba Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet, kyauta.

Malama Rifkatu:
Mama Saratu, maganarki ta sa na sake duba tawa. Ina nan a kan cewa ni kaina ba zan iya ɗaukar makami ba, kuma ina so ikilisiya ta riƙa faɗa wa matasa cewa wannan hanya tana nan a buɗe, ba tsoro ba ce. Amma ba zan iya tsayawa gabanki in ce godiyar da kika yi a kan Mubi kuskure ce ba, ba zan kuma iya duban Baba Ishaya in ce yaron nan na shingen bincike zai fi samun rai da a ce babu mai tsoron Allah a cikin masu kaki a ranar. Abin da har yanzu nake ƙi shi ne a ɗauki Zabura 20:7, wadda ta ce waɗansu suna dogara ga karusai waɗansu ga dawakai, a karanta ta ranar Lahadi, sannan ranar Litinin mu auna lafiyar ƙasa da yawan jiragen yaƙin da aka sayo.

Malam Dauda:
Na gode muku duka. Akwai abin da ban faɗa ba a farko game da York, wanda yanzu nake ganin wurinsa ya zo. Da ya koma gida a 1919 aka yi masa tayin kuɗi masu yawa domin ya sayar da sunansa, ya ƙi. Ya sa ƙarfinsa wajen kafa makarantar koyon noma domin yaran duwatsu a garin Jamestown na Tenesi, wadda take aiki har yau, kuma ya daɗe yana ƙin a yi fim a kansa, da ya yarda kuwa ya sa wani ɓangare na kuɗin a ginin makarantar Littafi Mai Tsarki. Ya rasu a 1964.

Baba Ishaya, ina da roƙo. Matasan majami'armu huɗu sun cika takardar shiga soja a bana, biyu daga cikinsu suna cikin zauren nan suna karantawa. Idan za ku yarda, muna so mu nuna musu fim ɗin 1930 ranar Asabar bayan koyon waƙa, ku zauna tare da su.

Baba Ishaya:
Zan zo, in Allah ya kai mu. Amma ina roƙon Mama Saratu ita ma ta zo, ta zauna kusa da ni, domin akwai tambayoyin da yaran za su yi waɗanda ita ce za ta iya amsa su. Ku kuma gaya wa iyayensu mata su zo. Idan an kai wurin ramin nan, a tsayar da fim ɗin, ina da abin da zan faɗa musu game da yadda ake riƙe fursuna.